MP3 320 ko WAV: da wanne za a ɗauki tafsiri, wanne za a zuba a memwar?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago kusa da kasuwar Tawa, ina zuba wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a katin memwar. Yawancin abin da nake samu ta WhatsApp yake zuwa, muryar a dushe. Wani ya ce in mayar da su MP3 320, wai shi ne mafi kyau. Na yi, sautin bai gyaru ba, kati kuma yana cika tun ban zuba rabin kaya ba. Ga shi bana an ba ni aikin ɗaukar tafsirin azumi na masallacin unguwarmu, kullum wajen awa ɗaya da rabi. Da wane irin fayil zan ɗauka, wanne kuma zan riƙa ba mutane?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Abu biyu ka tambaya: me ya hana 320 gyara abin da ya zo maka a dushe, da yadda za ka ɗauki naka don kada ya je wa wasu a dushe. Tushen amsar ɗaya ne. A lokacin ɗauka ake samun kyan sauti. Duk abin da aka yi wa fayil daga baya, ko dai ya adana shi yadda yake, ko ya rage shi. Babu nau'in fayil da yake ƙara abin da mikro bai kama ba.

Yadda murya take zama lambobi

Mikro yana mayar da kaɗawar iska ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka. Na'ura sai ta riƙa auna ƙarfin wutar nan tana rubuta lamba. Ana duba abu biyu: sau nawa take aunawa a sakan ɗaya, da tsawon lambar da take rubutawa. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, awonsa 44,100 ne a sakan, kowane awo bit 16 (bit shi ne gurbi ɗaya na lamba a kwamfuta, 0 ko 1), hagu daban dama daban. In ka ninka su za ka samu bit 1,411,200 a sakan, wato kilobit 1,411, abin da ake rubutawa kbps. Minti ɗaya kenan yana cin mega 10 da ɗan ɗoriya.

Ba haka kawai aka zaɓi 44,100 ba. Ƙa'idar ita ce yawan awo ya wuce ninki biyu na sautin da ya fi siranta a cikin abin da ake so a kama. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000 a sakan, manya kuwa saman yana zaizayewa da shekaru. Layin tarho na da awonsa 8,000 ne kacal, yana yanke duk abin da ya haura wajen 3,400. To ƙarfin "s" da "sh" da "ts" sama da nan yake zaune, shi ya sa suke cakuɗewa a waya. Ga mai ɗaukar tafsiri wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin alaramma mai jan baƙi yana bambanta sin da sad da sa mai ɗigo uku, kuma mai sauraro yana so ya ji bambancin.

Tsawon lamba kuma shi ne tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. A ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, bit 16 yana ba da wajen 96, bit 24 wajen 144. Mai sauraro ba ya bukatar 24. Mai ɗauka ne yake morarsa, domin yana ba shi damar rage ƙarfin shiga sosai ba tare da ya rasa komai ba.

Mai ajiye duka, mai naɗewa, da mai zubarwa

WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, lambobin nan yake zubawa a jere ba ragi. Kowace manhajar gyaran sauti tana buɗe shi. Aibinsa nauyi, sannan fayil ɗaya ba ya wuce jiga 4.

FLAC ya fito a 2001, kyauta ne. Yana matse fayil ya koma wajen rabi ko sama da haka kaɗan, amma in an buɗe shi lambobin suna dawowa daidai, ko ɗaya ba ta ɓata. Ana iya juya WAV ya koma FLAC, a sake mayar da shi WAV sau ɗari, sauti ɗaya ne. Don ajiya aka yi shi.

Sai masu zubarwa, waɗanda su ne suke yawo a wayoyinmu. MP3 aikin masu bincike ne da cibiyar Fraunhofer ta garin Erlangen a Jamus ta jagoranta, da Karlheinz Brandenburg a cikinsu, ya zama ƙa'idar duniya a 1993. AAC ya biyo baya a 1997, shi ne yawanci a cikin fayil mai wutsiyar .m4a da kuma cikin bidiyon .mp4. Opus ya zo a 2012, da shi WhatsApp yake ɗaukar saƙon murya. Akwai kuma AMR na tsofaffin salula, wanda bai wuce kilobit 12.2 ba kuma awonsa 8,000 ne irin na tarho. In ka ga fayil mai wutsiyar .amr, ka san tun daga tushe aka yanke saman muryar.

Dabarar da suke yi ita ce zubar da abin da kunne ba zai lura da shi ba. In aka buga ganga da ƙarfi, ƙaramin sautin da yake kusa da ita a kauri, ko wanda ya biyo bayanta nan take, kunne ba ya jinsa. MP3 yana yanka sauti gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa awo 1,152, wajen kashi 26 cikin dubu na sakan. Sai ya duba kowacce ya raba ƴan bit ɗin da aka ba shi: inda kunne zai kula ya rubuta a tsanake, inda ba zai kula ba ya rubuta sama-sama ko ya watsar. Lambar nan 64 ko 128 ko 320 ita ce kasafin da aka ba shi. In kasafin ya wadata, da wuya mutum ya bambanta shi da asali. In ya gaza, sai ya fara taɓa abin da ake ji: siririn sauti ya tafi, murya ta yi ruwa-ruwa, tafi da caki su koma wani shuu mai walƙiya, bugun kalangu ya rasa kaifinsa domin ƙurar lissafin tana bazuwa ta riga bugun fitowa. Haruffanmu masu fashewa irin "ƙ" da "ts" su ma haka suke dakushewa.

Abin da ya faru da fayilolinka

Saƙon murya na WhatsApp yawanci bai wuce kilobit 32 ba. An riga an zubar da abin da za a zubar tun a wayar wanda ya ɗauka. Da ka juya shi zuwa 320, manhajar ta buɗe ragowar ne ta sake rubuta shi da kasafi mai yawa. Wanda ya tankaɗe gari ya zubar da tsaki, ko ya juye garin a buhu mai cin tiya arba'in, tsakin ba ya dawowa. Wuri kawai buhun zai tare. Fayil ɗinka ya ninka nauyi sau goma ko fiye, sautin yana nan yadda yake, har ma ya ɗan ragu, domin MP3 ya sake yin nasa tankaɗen a kan na Opus. Kowane juyi daga mai zubarwa zuwa mai zubarwa yana cin wani abu. Wa'azin da aka ɗauka da waya, aka ɗora hoto aka mai da shi bidiyo, aka sa a Facebook, wani ya sauke ya cire sautin ya mai da shi MP3, ya sha matsa sau uku ko huɗu kafin ya iso shagonka.

Kwafa kuwa ba ta rage komai. Daga kwamfuta zuwa kati, daga kati zuwa waya, ko ta Xender, lambobi ɗaya ne suke tafiya. Sauya wutsiyar suna da hannu, a goge .opus a rubuta .mp3, shi ma ba ya juya komai, rikita rediyo kawai yake yi.

In asalin fayilolin suna nan, koma gare su. Wanda zai saurara a waya mai Android, ba shi asalin yadda yake. Wanda zai sa a rediyo mai cin memwar, juya masa sau ɗaya tak daga asalin zuwa MP3 kilobit 64, mono, wato layi ɗaya ba hagu da dama ba, ka goge na 320 ɗin. In ka riga ka goge asalin, ba makawa sai daga na 320 ɗin za ka sauko. Tsaya a 80 ko 96 don kada asarar ta yi yawa. Haka nan shafukan da suke cewa za su sauke maka waƙa daga YouTube a 320: abin da YouTube yake bayarwa AAC ne ko Opus mai wajen kilobit 128 zuwa 160, sauran kumburi ne.

In kana shakkar fayil, manhajar MediaInfo tana faɗa maka ainihin abin da ke ciki, Spek kuma tana zana maka hoton sautin. MP3 na 128 yawanci za ka ga an yanke shi ƙat a wajen kaɗawa 16,000 a sakan, na 320 na gaskiya yana kai wa wajen 20,000. In an rubuta 320 amma zanen ya tsaya a 16,000 ko ƙasa da layi miƙaƙƙe, kumbura shi aka yi. Sai dai zanen ba alƙali ba ne: magana zalla da tsohon kaset dama ba su da abu mai yawa a sama.

Lissafin wuri

Ninka kilobit da 0.45, ka samu megan awa ɗaya. Kilobit 64 mega 29 ne a awa, 128 mega 58, 320 mega 144. WAV mono mai awo 44,100 da bit 16 kilobit 706 ne, mega 318 a awa. Tafsirinka na kwana 30, awa ɗaya da rabi kullum, awa 45 kenan. A WAV jiga 14 da ɗoriya, a FLAC wajen rabin haka. A MP3 320 jiga 6 da rabi, a 64 kuwa jiga 1.3, ya shiga katin jiga 2 har da saura. A Opus kilobit 24 bai cika mega 500 ba duk watan, wato zaman rana ɗaya mega 16, abin da mai ƙaramin kuɗin intanet zai iya saukewa.

Ka lura da maganar mono. Malami bakinsa ɗaya, mikro ɗaya. In ka fitar da shi sitiriyo, abu ɗaya ka rubuta a layi biyu. Mono a 64 ya isa magana sarai. Ƙira'a mai amsa-kuwwar masallaci tana son 96, domin jelar amon ce take fara yin ruwa-ruwa. Waƙa mai kayan kiɗa da yawa, sitiriyo, 128 shi ne ƙasa, 192 ya wadatar. Ni a ganina 320 a kan ƙaramar rediyo mai lasifika guda asarar kati ce zalla. Mai musu ya gwada: a sa wani ya kunna masa na 192 da na 320 daga asali ɗaya, sau goma a cakuɗe, ba tare da ya ga wanne ne ba, ya faɗa.

AAC da Opus sun fi MP3 kyau in kasafi ɗaya aka ba su, musamman ƙasa da 96. Duk da haka MP3 za ka zuba wa jama'a, domin rediyoyin memwar da na mota da ƙananan salula shi suka sani. Zaɓi kasafi tsayayye, wanda ake rubutawa CBR, da awo 44,100. Mai hawa da sauka, VBR, yana sa wasu rediyoyi su nuna tsawon lokaci ba daidai ba ko su kasa gaba da baya. Katin ya kasance FAT32, kuma kada ya wuce jiga 32, don da yawansu ba sa karanta wanda ya fi haka. Sa wa fayiloli lamba 01, 02, har 30, ka kuma kwafa su a jere, domin wasu na'urorin tsarin shigar fayil suke bi, ba suna ba. A sunan fayil ka bar ƙ da ɗ da ɓ, allon rediyon mota shirme yake nunawa a wurinsu.

Ranar ɗauka

Nan ne aikin yake. Mafi tsabta shi ne ka ɗauko sauti daga jikin ampilin masallaci, ta ramin da aka rubuta Line Out ko Rec Out, zuwa ƙaramar na'urar ɗauka mai ramin Line In, irin su Zoom ko Tascam. Kada ka kuskura ka jona daga inda wayoyin lasifika suke fita. Ampilin masallaci da yawa suna tura wuta mai ƙarfin bolt 70 ko 100 zuwa lasifikokin hasumiya, nan take za ta ƙone maka na'ura. Ko Line Out ɗin ma ya fi ƙarfin ramin mikro na waya. In da waya za ka ɗauka, sai ka sa ƙaramin akwatin sauti na USB a tsakani, in ba haka ba muryar za ta fashe.

In jonawa ba ta samu ba, kusanto da mikro bakin malam, kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkace don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. Duk lokacin da ka rage tazara da rabi, murya tana ƙaruwa da wajen desibel 6 alhali hayaniyar ɗaki tana nan inda take. Ajiye waya a sahu na biyar tana kama abin da lasifika ta fitar, bango ya maido, shi ne babban abin da yake dusar da wa'azin da ake turo maka, tun kafin a zo maganar MP3. Sa wa mikro soso saboda iska, kada kuma ya zauna a saitin fanka. Hayaniya tana cutarwa sau biyu: ana jinta, sannan mai matse fayil bai san fanka daban malam daban ba, sai ya kashe kasafinsa wajen rubuta fankar.

Saita na'ura a WAV, mono, awo 44,100, bit 24 in tana da shi, ko 16. In za a haɗa da bidiyo ko a kai gidan talabijin, sa 48,000. Kafin a fara, a ce mai jan baƙi ya ɗaga murya iyakar yadda zai ɗaga, ka rage ƙarfin shiga har ma'aunin ya tsaya wajen −12, kada ya wuce −6. Sifili shi ne rufi. Sautin da ya buge shi an sare masa kai, kuma wannan fashewar babu manhajar da take gyara ta yadda ya kamata. Wanda ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi daga baya cikin sauƙi. Kashe saitin da yake daidaita ƙarfi da kansa, domin duk sanda malam ya yi shiru zai jawo hayaniyar masallaci sama. Sa abin ji a kunne ka saurara minti biyun farko. In ka ji gurnani mai kauri ba yankewa, na wutar lantarki ne, wadda take kaɗawa sau 50 a sakan a Nijar. Yawanci yana shigowa ne in na'urar tana jone da caji kuma tana jone da ampili. Cire cajin ka bar ta a batir. Waya kuma a sa ta yanayin jirgin sama, kira ɗaya yana katse ɗauka.

Gyara da fitarwa

Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. Kwafi WAV ɗin ka ajiye asalin gefe, kada ka taɓa shi. A kan kwafin, yanke farko da ƙarshe. Sa matatar da take zubar da abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 a sakan, ba abin da muryar mutum za ta rasa a can sai gurnani da bugun teburi. In akwai shuu, zaɓi sakan biyu ko uku inda ba a magana, manhajar ta ɗauki samfurinsa, ka rage da desibel 6 zuwa 10. Kada ka zarce, domin rage hayaniya da yawa yana kawo irin ruwa-ruwan da kake gudu. Daga nan ɗaga ƙarfi har ƙololuwa ta tsaya a −1, ba sifili ba, saboda MP3 yakan ɗan haura asalin in an buɗe shi. Yi wa duk kwanakin saiti ɗaya don kada mai sauraro ya riƙa murɗa rediyo daga zama zuwa zama.

Gyararren ka adana shi FLAC, shi ne uwa. Daga uwar nan kowane kwafi zai fito kai tsaye: MP3 64 na masu memwar, Opus 24 ko 32 na rukunonin WhatsApp, WAV ko MP3 192 in gidan rediyo ya nema. Kada a haifi ɗaya daga ɗaya. Wajen turawa ta WhatsApp, bi ta inda aka rubuta Document, fayil yana isa yadda ka tura shi. Kada ka kunna a lasifika ka danna alamar mikro, wannan sabuwar ɗauka ce da duk hayaniyar shago. Mai saurare ta Bluetooth kuma ya sani wayar tana sake matse sautin a hanya kafin ya isa lasifikar, don haka ba a nan ake auna kyan fayil ba. Sa abin ji mai waya.

Lambobin nan da na ba ka mafari ne. Masallaci ya bambanta da masallaci, mai rufin kwano ba ɗaya yake da mai siminti ba, kuma fayilolinka kunnenka ne yake jin su. Kwana biyu ko uku kafin azumi ka ɗauki karatun bayan magariba na minti goma, ka fitar da shi a 48 da 64 da 96, ka saurara a irin rediyon da masu sayenka suke riƙewa. Mafi ƙanƙantar da ba ka ji aibinsa ba, shi za ka riƙe. Ka kuma nemi izinin malam da kwamitin masallaci kafin ka fara rabawa.

Uwar fayil wuri biyu za ta zauna, a kwamfuta da wani faifan ajiya na waje wanda ba a shago yake kwana ba, nesa da rana da ƙura. Katin memwar ba ma'aji ba ne, yana mutuwa ba sallama. Akwai kuma na jabu, a rubuta jiga 32 alhali cikinsa bai kai 8 ba: zai karɓi fayiloli kamar lafiya, sunaye su fito, amma in an kunna wasu ba komai. Duk sabon katin da za ka ɗauki tafsiri a kai, gwada shi tukuna da manhajar H2testw, wadda take cika shi taf ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin abin da yake ci.